Yadda Muka Kai Gaurakan Kawu Zariya

Talata: Ƙanƙara zuwa Faskari

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida a Ƙanƙara, jaka a kafaɗa, wasiƙa guda a aljihun gaba. Lokacin ina koyarwa a firamare, muna cikin dogon hutu, damina kuwa ta kai marka. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, mai keke yana neman babur, mai babur yana hangen mota.

Wasiƙar ba tawa ba ce, ta Kawu Garba ce, ƙanen mahaifiyata, wanda duk ƙasar Faskari ta sani da Garba Mai Fenti. Wadda ta rubuto sunanta Malama Asabe, malamar zane ce a Zariya. Ta ce ranar Asabar za su buɗe babban gidan zane-zanen zamani a cikin wani tsohon gidan gurzar auduga. Shekara uku da suka wuce ta ɗauki hoton allon bayan wata babbar mota a tashar Funtuwa, an zana gauraka biyu a bakin tafki, tun daga ranar take cigiyar mai zanen. Direbobi suka ce mata ba su san adireshinsa ba, amma yana da ɗa malamin makaranta a Ƙanƙara. Tana son allon kansa, tana son mai zanensa. Sai dai wasiƙar ta yi sati uku a hanya, saura kwana huɗu ke nan.

Na samu akori-kura mai zuwa Sheme, na zauna gaba kusa da direba, wani mai fara'a da ake kira Mati. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai da ya rage gudu don ya dube ni.

"Malam, murhin mota suke so? Motar hwa?"

"Ba su son motar."

"To Allah shi kyauta. Kuɗi sun yi ma mutanen birni yawa."

Mil ashirin da biyar ɗin nan muka yi su cikin awa biyu, saboda kududdufai. A Sheme na karya da koko da ƙosai na sule guda a bakin titi, na hau bayan wata motar taki da ta sauke ni Faskari ƙarfe tara da rabi.

Ban tarar da Kawu a gida ba. Matarsa, Inna Hajara, ta nuna mani hanyar gona. Can na same shi cikin dawa, ya duƙa da garma, laka har gwiwa. Shekara biyu ke nan rabonsa da buroshi. Sababbin motocin da ake shigowa da su duk bodin ƙarfe ne, tifa-tifa da tankoki, sun zo da fentinsu daga kamfani. Masu bodin katako kuwa, waɗanda ya shekara talatin yana yi wa ado, ana ta jingine su. Sai ya tattara gwangwanayensa ya tura ƙarƙashin gado, bai ƙara zancensu ba.

Na karanta masa wasiƙar a gindin wata ɗorawa. Ya ce in sake. Na sake.

"Motar Alhaji Bawa ce ta Sabuwa," ya ce. "Shekara tara da na yi ta. Lawal, ka rubuta mata ka ce mun gode. Huɗa nike."

Da muka koma gida Inna ta ji labari, ta ajiye muciya.

"Dawa za ta gudu ne cikin kwana biyar? Shekara biyu kana zaune kamar wanda aka yi ma rasuwa. Yau an tuna da kai, ka ce huɗa?"

Kawu ya tashi ya shige ɗaki. Amma bayan la'asar na ji ƙarar gwangwani daga ɗakinsa.

Laraba: Faskari zuwa Sabuwa

Ƙarfe shida muka fito. Kawu ya naɗe babbar rigarsa ta salla cikin zane, ya riƙe wani ƙaramin buhu da bai yarda kowa ya taɓa ba. Muka koma Sheme, muka shiga kiya-kiya mai zuwa Funtuwa. Da muka zo Mairuwa ya taɓa ni ya nuna ruwan da ke sheƙi bayan gonakin rake.

"Nan na ga tsuntsayen. Motar da na hau ta lalace, muka yini. Su biyu, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi. Ban da takarda, sai na riƙe su a kai har wata huɗu."

Ƙarfe tara muna Funtuwa. Daga can zuwa Ɗandume hanya da dama-dama. Daga Ɗandume kuwa sai addu'a. Itatuwa suka rufe mu, ƙasa ta koma ja, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa. Sau uku muna sauka mu tura. A na ukun takalmina ɗaya ya zauna cikin laka, ban ƙara ganinsa ba. Wata Bafulatana da ke wucewa da ƙwarya ta tsaya ta gama dariyarta, sannan ta sayar mana da fura da nono. Tafiyar da ba ta wuce mil talatin da 'yan kai daga Funtuwa ba, sai ƙarfe huɗu da minti goma muka shiga Sabuwa.

Alhaji Bawa ba ya gari, ya tafi Ikko fito da sababbin tifofinsa. Maiɗakinsa, Hajiya, ita ta sa aka yi mana shimfiɗa a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa muka gaisa. Mace ce mai jiki da murya, ba ta kewaye-kewaye. Kawu ya tambayi motar.

"Wace? Tsohuwar? Ai an kwance ta tun bara. Injin yana niƙa a kasuwa, tayoyin suna bakin rijiya."

"Allon baya hwa, Hajiya?"

"Mai tsuntsaye? Ku biyo ni."

Ta kai mu can ƙarshen gidan. Ga ɗakin awaki, ga allon Kawu an kafa shi a tsaye ya zama ƙyaure, gaurakan suna kwance a gefe guda. Rana ta cinye shuɗin sama. Awaki sun gaigaye gefen da ya zo daidai bakinsu, sun lashe ƙafar gauraka ɗaya har katako ya fito. Amma tukkun nan nasu mai ruwan zinariya yana nan kamar jiya aka yi shi. Kawu ya tsuguna, ya karkata kai yana kallo.

Na yi wa Hajiya bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, allon nan nawa ne, Alhaji ya ba ni. Kura ta gwada shi sau biyu ta haƙura. In kuka tahi da shi, mutanen Zariya za su zo su kwana da awakina?"

Na fara lissafa mata amfanin ilimi da raya al'adu, irin yadda nake yi wa 'yan aji shida. Kawu ya ɗaga mani hannu.

"Hajiya, in na yi maki wanda ya hi shi ƙarhi?"

"In na jijjiga shi bai motsa ba, ku ɗauka. Kuma sharaɗi na biyu: duk abin da suka ce game da shi, a rubuto mani. Ina son in ji abin da suka gani wanda ni ban gani ba."

Muka ci tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, muka kwana a zauren.

Alhamis: Sabuwa zuwa Funtuwa

Katako ba ya wuya a Sabuwa. Kafin ƙarfe bakwai mun samo na maɗaci wurin masu zarto. Ashe kafin Kawu ya zama mai fenti sai da ya yi shekara biyar wurin masu haɗa bodi. Ni aikina riƙe ƙusa da jin faɗa. Ƙarfe goma sha ɗaya ƙyaure ya tsaya. Hajiya ta zo ta kama shi hannu biyu ta jijjiga, ta juya ta banke shi da kafaɗa. Bai motsa ba.

"Ku ɗauki tsuntsayenku," ta ce. Ta kuma ba ni wasu tsofaffin takalman Alhaji, sun yi mani yawa, amma da su na shiga Zariya.

Allon ya fi ƙarfin mutum biyu. Mu huɗu muka ɗora shi kan wata motar itace mai zuwa Zariya, muka lulluɓe da tamfol. An ba Kawu wuri a gaba, ya ƙi. Ya hau can sama ya zauna kusa da allonsa, dole na bi shi. Ƙarfe ɗaya muka tashi. Ruwa ya same mu kafin Ɗandume, muka shige ƙarƙashin tamfol mu da gauraka, warin awaki ya cika mana hanci.

Gab da Funtuwa akwai shingen 'yan sanda. Wani saje mai gashin baki ya sa aka ɗaga tamfol.

"Wannan ƙofar mota ce. Ina motar?"

"Tana niƙa a Sabuwa, ranka shi daɗe," in ji Kawu.

Sajen bai ga abin dariya ba. Ya ce ana yawan kwance kayan motoci a sayar, sai mun sauke an bincika. In kuwa allon ya sauka nan, ba mai ɗaga shi kafin Asabar. Na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta a hankali, ya dubi allon, ya dubi Kawu da laka a ƙafa.

"Baba, kai ka zana wannan? To ga gangar shingenmu can, rubutun ya goge. In kai ne, mu gani."

Kawu ya sauko ya kwance buhunsa: gwangwani huɗu, buroshi uku, kwalbar kananzir. Ya tsoma buroshi a gwangwani. Ya duƙa ya fara rubutu. Cikin minti goma ga TSAYA da jan fenti, kowane harafi da inuwarsa, har direbobin da ke layi suka sauko kallo. Sajen ya kewaya gangar sau biyu, ya ce a rufe tamfol kada ruwa ya taɓa kayan Baba.

Direban ya ce ba ya tafiyar magariba da lodi, muka kwana gidan wansa a Funtuwa.

Juma'a: Zariya

Mun tashi ƙarfe shida, muka bi ta Giwa, kwalta sumul, mil arba'in da bakwai. Ƙarfe tara saura kwata motar itace ta tsaya a ƙofar gidan gurza, bakin layin dogo. Wata mace siririya mai tabarau, ta ɗaura ɗankwali, hannunta duk farar ƙasa, ta fito da gudu. Malama Asabe ke nan. Ta ce ta riga ta fid da rai. Ta durƙusa ta gaida Kawu, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa.

Ban taɓa shiga gini mai girman wannan ba. Tsawonsa ya fi filin ƙwallon makarantarmu, rufinsa can sama kan ginshiƙan ƙarfe, an cire wasu kwanukan an sa gilashi, haske na zubowa kamar a tsakar gida. Kamfanin gurzar ya koma sabon gini bayan gari, ya bar wannan shekara da shekaru sai jemagu. Malama da abokan aikinta suka roƙa aka ba su. Suka share, suka shafe bango da fari, amma suka bar injin gurza guda a tsakiya, da sarƙoƙin da ake ɗaga dilolin auduga. Har yanzu in ka matsa kusa da bango kana jin ƙanshin angurya.

Zane-zanen kuwa, gaskiya sun ɗaure mani kai. Wani ya kai faɗin bangon ɗaki, ba mutum ba dabba, layuka ne kawai suna bin juna. Akwai doki da aka ƙera da sarƙar keke da ruwan fartanya. Akwai rinannen zane da ya sauko tun daga rufi har ƙasa. Na ɗauka Kawu zai yi tsaki. Sai na ga yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana kai hanci kusa, yana leƙa gefe ya ga kaurin fentin. Wani ya ce ba a bar shafen farko ya bushe ba. Wani ya tambaya ko an gama shi. Da muka zo gaban wani da ni ban ga komai ciki ba sai ja, ya tsaya cik.

"Mai wanga ya san aiki. Ja nawa ka gani?"

"Ɗaya, Kawu."

"Bakwai ne. Ka tahi da bokonka."

Bayan mun dawo daga masallaci aka kwantar da allon a ƙasa aka goge shi da tsumma. A tsakiyar wannan farin gini, lalacewarsa ta fito fili. Kawu ya dubi na sauran mutane, masu sheƙi, ya dubi nasa. Ya tsuguna ya fara buɗe gwangwanaye.

"Baba, me za ka yi?" in ji Malama.

"Gyara. Kahin magariba na maida sama, na maida ƙahwa. Gobe ya bushe."

"Don Allah kada ka taɓa shi. Haka muke son sa."

Kawu ya miƙe. Ban taɓa jin muryarsa ta yi kauri haka ba. "Malama, kowa ya kawo nashi da kwalliya, ni a rataye nawa da cizon akuya? Manyan mutane su zo su ce ga aikin Garba? Ban yi shekara talatin don a yi mani dariya ba. In ba a gyara ba, mu koma da abinmu."

Na tuna lakar Ɗandume da wahalar da muka sha. Malama ta ce, "Aikinka ne, Baba, ba ni da ikon hana ka. Abu ɗaya nake roƙo. Bari a ɗaga shi tukuna ka gan shi a bango. In bai yi maka ba, ni da kaina zan riƙe maka gwangwani."

Ya yarda da ƙyar. Aka saƙala sarƙar diloli, ma'aikata suka ja, allon ya tashi a hankali har ya zauna a bangon ƙarshe, daidai inda haske ke sauka. Malama ta ja Kawu baya, taku wajen talatin. Daga nan ba ka ganin cizo. Sai tsuntsaye biyu a bakin ruwa, da wata sama fara-fara irin ta bayan an ɗauke ruwa.

Muna tsaye sai muka ji salati a bayanmu. Wani tsoho ne mai gadin wurin, ya shigo da butarsa.

"Motar Sabuwa! Wallahi motar Sabuwa ce!" Ya matso yana nunawa da buta. "Ni ke kan sikeli a gidan nan shekara goma sha takwas. Nan take juyowa da baya, ta wannan ƙofar. In muka hango tsuntsayen nan mun san auduga ta fara sauka, aiki ya samu. Har gardama muke, wane ne mijin wace ce matar. Wa ya kawo ta?"

Malama ta nuna Kawu. Tsohon ya ajiye buta ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, raba mana gardama. Wane ne mijin?"

"Mai gadin. Matar ce ke kiwo," in ji Kawu.

"Na faɗa masu!"

Kawu ya yi dariya har da hawaye. Ya koma ya rufe gwangwanaye uku, ya bar na baƙi. Ya ce shi dai ba zai bar tsuntsu da makanta ba, idon na hagu ya goge. Malama ta riƙe masa tsani da kanta. Ya ɗiga ido guda, ya rubuta sunansa da ajami a kusurwa, abin da bai taɓa yi a jikin wata mota ba, ya sauko.

Asabar: Buɗewa

An sauke mu a ɗakin baƙi na makarantar su Malama. Ƙarfe goma aka yanke ƙyalle. Marsandi da fijo sun cika harabar da a da motocin auduga ke layi. Aka yi jawabai, aka raba lemo. Kawu ya sa babbar rigarsa ya tsaya nesa kaɗan da allon, yana kallon masu kallo.

Wani mai kwat da lofe ya tsaya kusa da shi, ya ga dattijon ƙauye, ya ga ya kamata ya taimaka masa. Ya ce ya lura da yadda mai zanen ya ɓarje gefen da gangan, don ya nuna yadda zamani ke cinye rayuwar karkara.

"Akuya ce, ranka shi daɗe," in ji Kawu.

"Na'am?"

"Akuyar Hajiya, a Sabuwa. Amma maganarka ma tana kan hanya."

Da Malama ta gabatar da su, mutumin ya cire lofensa ya yi dariya ya fi kowa, ya riƙe Kawu da tambayoyi har azahar. A daren ban yi wani abu ba sai wasiƙar Hajiya, shafi biyu, na sa mata maganar mai lofe kalma da kalma.

Lahadi: Komawa gida

Ƙarfe bakwai muka bar Zariya. A Funtuwa na ba wani direban Sabuwa wasiƙar, na dawo ban ga Kawu ba. Can na hango shi yana fitowa daga layin 'yan katako, ya ɗauko fallen filawud a ka, faɗinsa ya kai tabarma.

"Kawu, wace mota ce wannan kuma?"

"Ba ta mota ba ce. Malama ta ce baɗi akwai bango guda da ba kowa." Ya gyara riƙonsa. "Akwai wata kasuwar shanu da nike riƙe da ita a kai tun kana goye. Ba a taɓa ba ni allon da zai ɗauke ta ba."

Muka ɗaure shi a saman kiya-kiya. A Sheme muka rabu ƙarfe ɗaya da rabi, shi ya yi yamma da katakonsa, ni na jira motar Ƙanƙara. Na isa gida ana kiran la'asar, mahaifiyata na zaune tana tsinke zogale. Ta tambaye ni lafiyar ƙanenta. Na ce mata yana can yana neman inda zai jingina katako ruwa bai taɓa ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Garba ya warke ke nan."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malama Asabe, da sajen da ban tambayi sunansa ba, da Baba mai gadi, da direbobin da suka ɗauke mu da kayanmu. Hajiya kuwa ta aiko da amsa bayan sati biyu, a bakin wani mai sayar da itace: ta ji, ta gode, kuma akuyar da ta yi aikin ta haifi biyu.